Hannun da Na Miƙa wa Baba Isuhu

Tafiyar nan ta wahalar da ni, kuma ba na jin zan sake yin irinta. Sati biyu aka ce mana, ni na yi uku. Na dawo da ciwon baya, da yatsan ƙafa da har yanzu farcensa bai gama fitowa ba. Tun da na dawo kuma duk wanda ya gan ni a wurin mai shayi sai ya ce, "Sale, yaya Yamai?" In na ba mutum labari guntu sai ya tafi ya ƙara nasa, har an fara cewa wai haɗa cuta a kwalba aka koya mana. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Aji shida na yi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai shara ne da wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar gaba da sakandare a nan ƙasar Daura. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Bara aka kawo mana Dakta Hindatu, sa'ar 'yata ta fari, ta zo da maganar buɗe sabon ɗaki inda za a riƙa aiki da ƙwayoyin cutar nan da ake kira bakteriya, ana canja musu hali. Waɗanda za su ba da kayan aikin suka kafa sharaɗi, ba mai shiga ɗakin ko da tsintsiya ce kawai a hannunsa sai yana da takardar shaidar an horar da shi. Manya suka ce a ɗauko mai difloma, ni a mayar da ni gadin ƙofar baya. Duk wanda ya san makarantar ya san daga ƙofar baya sai gida. Saura mini shekara huɗu in yi ritaya. Dakta ce ta tsaya ta ce a gwada ni tukuna. To takardar nan na je nema. In babu ita babu aiki.

Mun tashi ta Mai'adua, don hanyar Jibiya ba wanda yake sha'awarta yanzu. A Kongolam, ɓangarenmu ba a tsaya wata magana ba. Da muka tsallaka sai wani jandarma dogo ya karɓi katunanmu. Dakta tana laluben takardar gayyata a jakarta, ya dube ni ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Yamai."

"Yin mi?"

Na ce, "Za mu je inda ake kiwon cuta ne a koya mana."

Ya ja da baya taku ɗaya. Takardar da Dakta ta miƙa masa da yatsa biyu ya karɓa. Awa biyu muka yi a ƙarƙashin rumfa. Aka zazzage jakata, yajin da matata Larai ta ƙulla mini sai da mutum uku suka shinshina, na ƙarshen ya yi ta atishawa. Da aka sake mu, Dakta ta ce, "Baba Sale, don girman Allah, daga nan har Yamai in an yi tambaya ka bari ni in amsa."

Na ce ai gaskiya na faɗa. Ta ce ta sani, shi ne matsalar.

Muka bi ta Matamaye muka kwana Damagaram, a zauren tashar manyan motoci, maza gefe mata gefe, kowa da tabarma. Bayan sallar asuba mota ta tashi. Abu na farko da ya ba ni mamaki ke nan. A Daura mota ba ta tashi sai ta cika, in ta cika ma sai direba ya gama karyawa. Can agogo ake bi. Wani mai albasa ya taho a guje yana ɗaga hannu, minti biyu ya makara, direba ya dube shi ta madubi ya wuce. Ba wanda ya ce a yi haƙuri a tsaya masa. Ni kaɗai na buɗe baki, na ga ba mai taya ni, na rufe.

Wata Hajiya mai sayar da lalle daga Maraɗi ce a kujerar tsallakena. Ta ba ni dambu da zogale a leda, sannan ta fara bincike.

"Wannan ɗiyarka ce?"

"Ogata ce."

Ta dubi Dakta, ta dube ni, ta yi ta dariya har Ƙonni. Duk inda aka tsaya sai ta ce, "Malam, je ka tambayi oga ko an yarda ka sha ruwa."

Shingayen sojoji ban ƙirga su ba. Kowa ya sauka, a taka da ƙafa, a tsaya a rana, a kira suna ɗaya-ɗaya. Ba mu shiga Yamai ba sai bayan magariba, ƙafafuna sun kumbura sun cika takalmi.

An sauke mu a wasu ɗakuna a bayan cibiyar da za mu yi horon. Ba zan faɗi sunanta ba, an roƙe mu kada mu faɗa. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi. Mutanen gari Zabarmanci suke yi, na cikin ofis Faransanci, ni kuma ina tsaye kamar kurma. Ina tambayar wani inda masallaci yake sai na ji an ce daga bayana, "Wannan bakin na Daura ne."

Baba Isuhu ke nan, masinjan cibiyar, tsoho siriri mai farin gemu, mutumin Magarya. Ya ce yana yaro da ƙafa yake zuwa cin kasuwar Babban Mutum. Daga ranar bai ƙara kirana Sale ba, sai ɗan Daura. Kullum da azahar sai ya zo mini da tuwon gero da miyar kuka daga gidansa, mu zauna a gindin itacen bedi mu ci tare. Shi ya kai ni kasuwa sayen takalmi, don silifa na zo da shi, aka ce ba a shiga da yatsu a waje. Wanda muka samu ya yi mini kaɗan. Baba Isuhu ya ce zai buɗe. Bai buɗe ba, shi ya cire mini farce.

Ƙofa uku ake wucewa kafin a kai ɗakin aiki. A ta ƙarshe akwai wata alama a kan rawaya, kamar ƙahoni uku sun haɗa kai. Ciki sanyi ne, ba taga a buɗe, ba ƙuda ko ɗaya. Ban taɓa shiga ɗakin da ba ƙuda ba sai ranar. Mutane suna aiki ba mai yi wa wani magana, injuna ne kawai ke gurnani ƙasa-ƙasa, irin wanda a ciki kake jinsa ba a kunne ba. Akwai wani wari kuma, kamar romon da ya kwana, wanda ya bi ni har cikin barci.

Mu tara ne masu koyo. Malamarmu Madam Hamsatu, gajeruwa, Bazabarma, furfura tana leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta. Hausarta a karye take amma ba ta maimaita magana. Ranar farko ta tsaya a gabana ta ce, "Buɗe baki." Goro ne a kumatuna. Ta nuna mini kwandon shara. Ba ci, ba sha, ba goro, ba waya, ba carbi. Ba alwala a famfon ɗakin. Firij ɗin ɗakin ba na abinci ba ne. Ba abin da ke bin magudana sai an kashe shi tukuna.

Wajen ƙarfe sha ɗaya na ranar ta sa aka ja labule, ta kashe wuta. Rana tsaka a waje, mu muna cikin duhu. Ta kunna wata fitila mai haske shuɗi-shuɗi ta fara bin mu da ita. Na farko wani ɗan Cadi ne, tafin hannunsa ya yi fari fat yana ƙyalli. Ta ce da safe ta shafa wani gari marar lahani a jikin biro, shi kaɗai ta ba biron ya sa hannu a rajista. Sai ta matsa kan na biyu, hannunsa ma yana ƙyalli. Na uku haka. Duk mazan ajin. Ta zo kaina ta tsaya.

Na sunkuya na dubi kaina. A kan rigata ruwan ƙasa, daidai saitin zuciya, ga hannu nan, yatsu biyar cif, kamar wani ya taɓa ni ban sani ba. Ta kawo madubi. Gemuna yana haske, bakin hulata, gefen idona na hagu, leɓena na ƙasa. Fuskar da ke cikin madubin ba ta yi kama da ta mai rai ba.

Abin da ya faru shi ne, da na shigo da safe na bi kowa na ba shi hannu, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi, in na gaisa kuma in dafa ƙirji. Ɗan Cadin na fara ba hannu.

Wani daga baya ya ce, "Baba, ashe kai ne motar hayar."

Aka yi dariya kaɗan a cikin duhun, ba ta daɗe ba. Madam ta ce, "Gaisuwa a ƙofar farko take ƙarewa. Daga nan ciki, hannunka ba naka ba ne."

Ranar uku aka nuna mana masu ran, ƙwayoyin cutar da kansu. A faranti suke zaune, ƙananan farantai masu murfi, a kan wani abu kamar kunun da ya daskare. Da ido ɗigo-ɗigo ne kawai, kamar an yayyafa madara. Madam ta ce kowane ɗigo gari guda ne. Ta kai mu wani ƙaramin ɗaki marar taga, ta ɗora farantin a kan fitila. Ɗigon nan duk suka kama haske kore, irin koren da ban taɓa gani a jikin ganye ba. Ta ce an ciro hasken daga wata halittar teku an rubuta musu shi a cikin jiki, 'ya'yansu da jikokinsu duk da shi za su fito. Abin da ake nema shi ne a koya musu su yi haske in an ɗiga musu ruwan rijiyar da ke da guba, don a gane kafin mutane su sha.

Na ce wa Dakta a hankali, "Wannan ba shiga aikin Allah ba ne?"

Ta ce, "Baba Sale, alfadari fa, da ake haɗa jaki da goɗiya?" Raina dai bai kwanta ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne firiza. Babba ce kamar ɗakin kwana, in an buɗe farin hayaƙi ya zubo ƙasa ya bi ƙafafunka. Madam ta jawo wani akwati cike da 'yan kwalabe kamar yatsa, da rubutun hannu a jikinsu. Ta ce rubutun malaminta ne, ya rasu da daɗewa. Ta kankaro ƙanƙara kaɗan daga ɗaya ta shafa a faranti. Washegari muka zo, farantin ya cika. Mai su yana kabari, su kuwa an tashe su sun ci gaba da haihuwa kamar jiya suka kwanta.

Na tambaye ta ko suna kisa. Ta ce waɗannan raunana ne, an zaɓe su ne don ba sa jure zama a wajen ɗakin. Amma an ba su ƙarfin jure wani maganin asibiti, don a riƙa tace su daga sauran. "Su kuma suna koya wa juna abu," in ji ta. "In wannan ya haɗu da mugu a cikin mutum ko a kwata, yana iya ba shi abin da ya sani. Ranar da aka ba mai ciwo maganin, sai ya ƙi ci. Shi ya sa ko ɗaya ba ya fita da rai."

Wurin kashe su wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce mai tururi. Duk shara a jaka ake ɗaurewa, a manna mata wani farin tef, a dafa. In ta dahu sai baƙaƙen layuka su fito a jikin tef ɗin da kansu. In ba su fito ba, abin da ke ciki yana da rai.

Ba yabon kai ba, aikin hannu na fi su duka. In abu ya zube, ka rufe shi da takarda, ka zuba ruwan bilic daga gefe zuwa tsakiya, ka jira minti ashirin ba ka taɓa ba. Cire safar hannu ta juyo ciki waje ba tare da fata ta taɓa bayanta ba, sau biyu aka nuna mini na iya. Jarrabawar rubutu da baki aka yi mini, na ci. Abu ɗaya ne na kasa ganewa, wani littafi mai jan bango da ke rataye a bakin ƙofa. Duk wanda ya yi kuskure shi da kansa zai je ya rubuta, da sunansa. Na ga wani babban likita, mai mota da direba, ya tsaya ya rubuta cewa ya fasa kwalba. A wurinmu in ka fasa abu ka tattara ka binne, wanda ya gani ya kau da kai. Mutumin kirki shi ne mai rufa asiri, nasa da na wani. Na binne kwalabe da yawa a shekara ashirin da biyu.

Ranar Juma'a ta ƙarshe da hantsi na hango takardunmu an buga an ajiye a teburin Madam. Bayan masallaci za a raba. Aikin da ya rage mini shi ne in kai sharar ranar tukunya. Ɗakin tukunyar yana tsallaken wani lungu, taku biyar. Dokar ita ce ka ɗaure jaka, ka sa a bokiti mai murfi, ka cire safa, ka wanke hannu, sannan ka tura keken shara ka fita. Da na ɗaga jakar sai na ji gindinta da danshi, wani abu ya fashe a ciki. Na jefa ta a bokiti na rufe, raina duk yana kan in kai ta tukunya da sauri. Na tura ƙofa da kafaɗa na fita, safa tana hannuna.

Baba Isuhu yana tahowa a lungun da wasiƙu a hammata, ya sha farar shaddar Juma'a. 'Yarsa ta haihu Asabar da ta wuce, namiji, jikansa na fari.

Ya ce, "Ɗan Daura, ashe gobe za ka gudu ba ka ci tuwon suna ba."

Ya miƙo hannu. Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya tafi da kansa, kamar yadda yake tafiya shekara hamsin da ɗaya. Ya kama da hannu biyu, ya riƙe ya daɗe yadda tsofaffi ke yi.

Ya ce, "Yau hannunka da sanyi."

Ya dafa ƙirji. Ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare shi da farce, ya miƙo mini rabi. Na girgiza kai. Ya jefa a baki ya wuce.

Na shiga ɗakin tukunya na rufe ƙofa. Na dubi hannuna. Safar dama tana sheƙi da danshi. Ba wanda ya gani. Na cire ta yadda aka koya mini, na riƙe ta a bakin tukunya. In na sake ta ciki, nan da awa ɗaya babu shaida a duniya. Na ce wa kaina ai Madam da bakinta ta ce raunana ne. Na ce wa kaina shekara huɗu ta rage. Na tuna ƙofar baya, na tuna Dakta da ta tsaya mini a gaban manya. Tukunya tana huci, ni ina tsaye.

Abin da ya hana ni saki shi ne na san abin da kaka yake yi in an miƙa masa jariri. Zai tofa masa addu'a a ka, ya shafa masa fuska, ya sa masa yatsa a baki ya ga ko yana tsotso. Na yi wa nawa jikokin haka. Daga masallaci gidan 'yar zai wuce, ya faɗa mini tun jiya.

Na sa safar a leda na ɗaure, na je na sami Madam.

Na ce, "Madam, na yi ɓarna."

Ba ta ɗaga murya ba. "Wa ka taɓa? Yaushe? Shi me ya taɓa?" Na faɗa mata duka. Ta karɓi ledar muka shiga ƙaramin ɗakin nan, ta ɗora a kan fitila. Tafin safar da yatsu uku suka yi kore.

Na juya zan fita a guje. Ta ce, "Ina za ka? Cire riga. Wanke hannu. Har gwiwar hannu, ina ƙirgawa." Ban taɓa jin minti ɗaya mai tsawon wannan ba.

A bakin get muka same shi, ya ɗaura tabarmar salla a bayan keke, ƙafa ɗaya a kan feda. Kafin mu zo ya riga ya gaisa da mai gadi da mai shayin ƙofar. Madam ta tara su ukun ta yi musu bayani da Zabarmanci. Aka kawo ruwa da sabulu da magani, aka wanke su a gaban masu wucewa. Aka goge hannun keke, aka karɓi wasiƙun, aka zubar da sauran goron aljihunsa, ya kurkure baki. Sannan ta ce rigar.

Baba Isuhu ya ce, "Wace riga?"

"Wadda ka dafa."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya tuɓe farar shaddar nan a ɗakin mai gadi, ya fito da singileti, kafaɗunsa duk ƙashi. Aka sa rigar a jaka, aka manna tef. Ladan yana kira. Ba mu sami Juma'a ba, ni da shi.

Likitan cibiyar ya duba shi ya ce da wuya wani abu ya same shi, amma ya sa ido kan cikinsa kwana uku, kuma ya haƙura da ɗaukar jariri har kwanakin su wuce. Madam ta rubuta sunansa a jan littafi a ƙarƙashin nawa.

Na je na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ni na miƙo maka hannu, wannan ba laifinka ba ne." Sannan ya ce, "Shekara ashirin da shida ina gidan nan, ba a taɓa tuɓe ni ba. Da ka biyo ni a hankali ka ce, Baba wanke hannunka, da ban wanke ba?"

Har yau ina juya maganar. Amma da na bi shi a ɓoye, da mai gadi da mai shayi sun tafi gidajensu haka nan, don ban san ya gaisa da su ba, shi ma sai da Madam ta tambaye shi sau biyu ya tuna.

Da la'asar aka raba takardu, mutum takwas. Madam ta kira ni ofis, Dakta tana zaune.

Ta ce, "Wanda ya fita da safa bai gama koyo ba, takardarka ba yau ba. Wanda ya zo ya faɗa da bakinsa kuma ba na korarsa. Ka ƙara sati." Ta duba littafin. "Minti ashirin da biyar ka yi a ɗakin tukunya kana shawara. Shi ma na rubuta."

A waje Dakta ta ce, "Baba Sale, dole gobe in koma. Zan ce musu an riƙe ka ƙarin horo ne." Ban hana ta ba. Yanzu dai ga shi na rubuta, wanda bai sani ba ya sani.

Satin nan ni kaɗai na yi shi. Kullum Madam ta sa ni in ɗaure jaka, in cire safa, in wanke hannu, in tura keke, in dawo in sake, har sai ta ce ya isa. Wani lokaci sai ta turo wani ya tare ni a lungun ya miƙo hannu. Aka ja jan layi a ƙasa a bakin lungun, aka hana masinja wucewa. Tuwo bai ƙara zuwa ba, na koma burodin sanda. Mai gadi ya gaya mini an yi suna lafiya, Baba Isuhu ya zauna a waje da rigar aro, da aka fito da yaron ya sa hannuwansa a aljihu ya leƙa shi. Cikinsa bai yi komai ba. Rigar ta fito daga tukunya ta yi rawaya-rawaya, aikin wuyan ya tattare.

Ranar da aka ba ni takarda na neme shi don sallama. Ya amsa mini da kyau, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gai da mutanen Daura. Da Sale ya kira ni.

Dawowa ba abin faɗi, sai dai tsawo. Takardar na sa a leda biyu na cusa a cikin riga, ko salla zan yi tana jikina. Na iso gida ranar Lahadi da la'asar, Larai ta ce na rame, na ce ta dafa mini ruwa in gasa ƙafa.

Washegari tun kafin ƙarfe bakwai ina makaranta. Sabon ɗakin ba a gama shi ba, tsohon namu na buɗe. Na tsaya a tsakiya ina kallonsa kamar ban taɓa shiga ba. Na buɗe firij. A kantarsa ta sama akwai wasu farantai marasa suna da na fi shekara ina goge musu murfi, abin cikinsu ya yi gashi. Jingine da su ga goran furar Malam Bala, babban ma'aikacin ɗakin, wanda shi ya ɗauke ni aiki, shi ya yanka wa ɗana na biyu ragon suna. Nan yake ajiye furarsa kullum tun kafin in zo.

Na sa safa na ɗauko goran, na sa shi a leda na ɗaure, na ajiye a bokiti mai murfi. Na cire safa, na wanke hannu har gwiwa. Sannan na jawo kujera bakin ƙofa na zauna ina jiran ya iso.